Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga dattawan zumuntarmu a Saudiyya kan annabawan waya

Zuwa ga iyayenmu da dattawanmu masu jagorancin zumuntar addu'a ta Kiristoci masu jin Hausa a Riyad, Jidda da Dammam,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sannunku da aiki, sannunku da ɗawainiyarmu. Ni 'yarku ce, ma'aikaciyar jinya, shekarata tara a ƙasar nan. Ba zan kira sunan kowa ba, ba zan faɗi gida ko unguwa ba, kun san dalili. Da ma na so in yi wannan magana a zaune gabanku, amma ba a gari ɗaya muke ba, kuma abin ya wuce na gari ɗaya.

Wata ƙanwarmu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Aikin shagala, wato aikin gida, ta zo yi. Gidan da aka kai ta suka riƙe mata albashi wata da watanni, da ta gaji ta fita, kafilinta, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamanta a ƙasar, ya sa mata hurub, wato ya kai rahoto cewa ta gudu daga aiki. Kun san abin da hurub yake yi wa mutum. Igamarka, wato takardar izinin zama, ta zama takardar banza, ba ka iya zuwa asibiti da gaba gaɗi, ko motar 'yan sanda ka hango sai gabanka ya faɗi. Tana cikin wannan hali ne aka tura wani bidiyo a rukuninmu na WhatsApp, wani mutum daga gida sanye da farin kwat yana cewa Allah ya aiko shi musamman domin 'yan ƙasar waje masu matsalar takardu. Ta tura masa saƙo. Cikin daren ya mayar mata da amsa da muryarsa. Ya ce ya ga takardunta a cikin tukunya an binne a bayan ɗaki a ƙauyensu, kuma mace ce ta binne, mace ta kusa. Ya ce ta shuka iri, wato ta tura masa kuɗi, cikin kwana 21 za a cire hurub ɗin. Ta tura masa abin da ta tara na kuɗin makarantar 'ya'yanta. Kwana 21 suka cika, shiru. Ya ce abin ya fi ƙarfin irin farko, ta ƙara. Ta ci bashi ta ƙara.

Ranar da aka kira ni in duba ta, na same ta kwance a kan katifa a ƙasa, ƙafafunta sun kumbura, tana riƙe da kai. Wayarta na gefen kunnenta, muryar mutumin nan na ta maimaita kanta. Na ɗaga matashin kai don in gyara mata kwanciya sai na ga maganin hawan jinin da na kawo mata wata biyu da suka wuce, ko ɓare shi ba ta yi ba, ga wata 'yar kwalbar mai kusa da shi. Da na gwada jininta sai da hannuna ya yi rawa. Na ce, "Ƙanwata, me ya hana ki shan magani?" Ta ce, "Anti, Baba ya ce in na sha na ƙaryata warkarwar da aka yi mini." Na tambaye ta labarin yara, ta ce ta daina kiran gwaggonta da ke riƙe da su, don ita ce matar da aka gani da tukunya. Gwaggon nan ita ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta.

Iyayena, ga abin da ya hana ni barci. Bidiyon nan ɗaya daga cikinmu ne ya tura shi, mutumin da muke girmamawa, kuma na tabbata da kyakkyawar niyya ya tura. Bayan haka ma an ba wannan baƙo dama ya yi mana wa'azi ta waya wata ranar Juma'a, muna zaune mun kewaye kwamfuta muna cewa amin. Ni ma ina wurin, kuma ban ce komai ba. Yarinyar nan ba ta yarda da shi don ta san shi ba. Ta yarda da shi ne don ta ga ya shigo ta ƙofarmu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma namu bangon a tsage yake ta ko'ina. A ƙasar nan babu ginin majami'a ko ɗaya. Ba mu da fasto da aka naɗa mana, ba mu da makarantar Lahadi, ba mu da taron dattawa irin na gida da za a kai ƙara. Abin da muke da shi shi ne falon wani ranar Juma'a, mu rage murya in za mu yi waƙa, da kuma waya. Masu aikin gida da yawa ko Juma'ar ba sa samu. Majami'arsu ita ce wayar da suke kunnawa ƙarfe biyun dare bayan sun gama wanke-wanke, kuma daidai lokacin ne sha biyun dare a Najeriya, lokacin da masu addu'ar tsakar dare ke hawa Facebook da TikTok. Sun san sa'o'inmu. Sun san tun da naira ta faɗi a 2023 ɗan abin da shagala za ta tura ya zama kuɗi mai kauri a gida. Sun kuma san wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Akwai sura guda da nake roƙonku ku karanta mana a zumunta daga farko har ƙarshe, Irmiya 29. Kowa a cikinmu ya haddace aya ta 11, wadda Allah ya ce ya san shirin da yake da shi dominmu, shirin alheri ba na masifa ba. Muna sa ta a fuskar waya, muna tura wa juna da safe. Amma mu nawa ne suka san cewa wasiƙa ce aka aika wa mutanen da ke zaman baƙunci a ƙasar wasu? Nebukadnezzar ya kwashe su daga Urushalima zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Suna can cikin kewar gida, sai annabawa suka taso daga cikinsu suna cewa saura kaɗan a koma. A Urushalima ma wani mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali gaban jama'a ya ce cikin shekara biyu za a karya ikon Babila, har ya cire karkiyar da ke wuyan Irmiya ya karya ta don mutane su gani da ido. Magana mai daɗi, ga lokaci an yanka, ga alama an nuna. Irmiya da kansa ya ce amin, Allah ya sa haka, domin shi ma yana so a dawo. Amma saƙon da Allah ya ba shi daban ne: shekara 70 za a yi, ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku nemi lafiyar birnin da kuke ciki, ku yi masa addu'a, kada ku bar annabawa da masu duba da ke cikinku su ruɗe ku, ban aike su ba. Wannan gargaɗi yana aya ta 8 da ta 9, taku biyu kacal kafin ayar da muke ƙauna. Hananiya ya yi annabcinsa a wata na biyar, ya mutu a wata na bakwai na shekarar.

Duk lokacin da na karanta wannan sai in ga kamar mu aka rubuta wa. Annabin gaskiya shi ne ya kawo labari mai nauyi, na ƙarya kuma shi ya faɗi abin da zuciya ke son ji. Mutumin da aka sa wa hurub yana son a ce masa kwana 21. Gaskiyar kuwa ita ce akwai hanya, amma doguwa ce, ta ofis-ofis ce, wani lokaci ma ƙarshenta tarhil ne, wato a fitar da mutum daga ƙasar, da komawa gida. Wanda yake ƙaunarka shi zai faɗa maka haka, ya kuma raka ka.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba game da annabcin da aka yanka wa lokaci. Maimaitawar Shari'a 18 ta ce idan annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, to ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kuma kada a ji tsoronsa. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce 'yan'uwanmu ba su sani ba. Tsoro ne ke riƙe da su. An ce musu kada a taɓa shafaffe na Allah, duk wanda ya yi tambaya la'ana za ta bi shi. Idan kwanakin suka cika ba a ga komai ba, laifin sai ya dawo kan wadda aka cuta: bangaskiyarki ce ta yi rauni, irin ne bai isa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sai in akwai mai ƙirga kwanakin. Wa ya taɓa komawa ya tambayi mutumin nan ina alkawarin da ya yi?

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini: "Ai ya faɗa mata abubuwan da suke gaskiya, ya san tana da 'ya'ya biyu." Hotunan yaran suna shafinta na Facebook. Kuma wace mace ce a cikinmu ba ta da matsalar takarda, ko dangin da ke cin kuɗin da take turawa, ko ciwon baya, ko kewar 'ya'ya? In ka faɗi waɗannan huɗu a gaban shagala goma, goman za su yi kuka. To mu ɗauka ma ya faɗi abin da ba wanda ya sani. Maimaitawar Shari'a 13 ta yi maganar annabin da alamarsa ta cika, amma yana jan mutane zuwa wani wuri dabam da Ubangiji, ta ce kada a saurare shi. Yesu kuma a Matiyu 7 ya ce a ranar ƙarshe da yawa za su ce sun yi annabci da sunansa, sun fitar da aljanu, sun yi mu'ujizai, shi kuwa zai ce bai taɓa saninsu ba. A wannan surar ce ya yi maganar kyarketai masu zuwa da fatar tumaki, abin da mu muke cewa kura da fatar akuya, ya ce da 'ya'yansu za a gane su. 'Ya'yan itacen da na gani da idona su ne bashi, da magani a ƙarƙashin matashi, da yara biyu da suka yi wata uku ba su ji muryar uwarsu ba.

Batun kuɗi kuwa ban ga inda Nassi ya yi sassauci ba. Ku tuna labarin Na'aman a 2 Sarakuna 5. Wadda ta fara nuna masa hanyar warkewa yarinya ce 'yar aiki, baƙuwa a gidan maigidanta, kamar ƙannenmu. Ya tafi da azurfa da zinariya da riguna goma. Da ya warke ya roƙi Elisha ya karɓa, Elisha ya rantse ba zai karɓi komai ba. Gehazi ne ya bi shi a baya da ƙarya ya karɓo, kuturtar kuwa ta koma kansa. A Samariya Siman ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa, tunda yana zaton baiwar Allah abin sayarwa ce. Bulus da yake sallama da dattawan Afisa, a Ayyukan Manzanni 20, a zama ɗaya ya gargaɗe su kan kyarketai ya kuma nuna musu hannuwansa, ya ce bai yi ƙyashin azurfa ko zinariya ko tufafin kowa ba, hannuwan nan ne suka ciyar da shi da abokan tafiyarsa. Kuma dattawa ya faɗa wa, ba 'yan aiki ba. Su ya ce su tsare garken.

Ikilisiyar farko ma ta sha fama da wannan, don su ma a gidaje suke taruwa, baƙi masu wa'azi suna shigowa suna fita. Akwai wani ɗan littafinsu da ake kira Didake, wato Koyarwar Manzanni Goma Sha Biyu, da ya ba su ma'auni mai sauƙi. Baƙon manzo ya kwana ɗaya, ko biyu in da bukata. In ya kai uku, na ƙarya ne. In zai tafi a ba shi gurasar hanya kawai. In ya nemi kuɗi, na ƙarya ne. In kuma ya ce a bayar domin wasu mabukata, ba laifi. Mutanen da ba su da waya ba su da banki sun gane wannan tun kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Ba ina cewa kada a tallafa wa masu hidima ba, ma'aikaci ya cancanci ladansa, kuma da yawanmu muna tura zakka da baiko zuwa ikilisiyoyinmu na gida inda ake karanta lissafi a gaban jama'a. Abin da nake ƙi shi ne a sa wa addu'a farashi, a ce na riyal 200 daban, na 500 daban, kuma kuɗin ya faɗa asusun mutum ɗaya da ba wanda ke bincikarsa.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi ƙasar nan kaɗai, wanda mai zama a Najeriya ko Gana ba zai damu da shi ba. Waɗannan mutane suna aiko da mai, da ruwa, da hankici, da gishiri, su ce a yayyafa a ƙofar ɗakin madam ko a ɗiga a abinci don zuciyarta ta yi laushi. Iyayena, kun fi ni sanin cewa sihiri babban laifi ne a dokar Saudiyya, an taɓa zartar da hukuncin kisa a kansa, har a shekarar 2011, kuma 'yan aikin gida suna cikin waɗanda aka fi yi wa wannan zargi. Ranar da madam ta kama yarinya tana ɗiga wani abu a shayi, wa zai tsaya ya saurari bayanin cewa man addu'a ne? Shi mai aikowa yana can gida lafiya lau. Haka nan tara kuɗin taimako ba da izini ba laifi ne a nan, amma sai ka ga an naɗa wata 'yar'uwa wakiliya tana karɓar iri daga hannun mutane tana turawa, ba ta san wuyanta ta sa a igiya ba. Mu da aka ce mu nemi lafiyar garin da muke baƙunci, bai kamata a same mu da irin wannan ba. 'Yan'uwanmu Hausawa Musulmi da muke aiki tare, waɗansunsu a Makka da Jidda aka haifi kakanninsu, suna ganin zamanmu, kuma da halinmu suke auna sunan da muke ɗauke da shi.

Maganar hana shan magani ita ta fi taɓa ni, don aikina ne. Hawan jini da ciwon suga ba sa yin ƙara kafin su kayar da mutum. Na yi jinyar waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kama suna da ƙuruciyarsu. Na gaskata Allah yana warkarwa, na ga ya yi, ina kuma yi wa marasa lafiyata addu'a a zuciyata kullum. Amma Luka da ya rubuta Bishara likita ne, Bulus kuma ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa. Wanda ya ce ka ajiye magani don ka nuna bangaskiya yana wasa da ranka ne. Abin da aka tono a dajin Shakahola na ƙasar Kenya a 2023, gawa fiye da 400 na mabiyan wani mai wa'azi da ya ce su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu, bai fara da kabari ba. Ya fara ne da raba mutane da asibiti, da makaranta, da danginsu, har ya zama murya ɗaya kawai suke ji. Shi ya sa da na ji an ce wa ƙanwarmu "kada ki gaya wa kowa, za su ɓata miki mu'ujiza", jikina ya yi sanyi. Duk koyarwar da ke bukatar a ɓoye ta ga dattawa da dangi, akwai abin da take tsoro.

Kada ku ɗauka ina so a kashe wutar Ruhu a cikinmu. Bulus ya ce wa Tasalonikawa kada su raina annabci, amma a numfashi ɗaya ya ce su gwada kome su riƙe mai kyau. Ya ce wa Korintiyawa in annabawa biyu ko uku sun yi magana, sauran su auna. Yahaya ya ce a gwada ruhohi. An yabi mutanen Biriya don suna binciken Nassi kowace rana su ga ko abin da aka faɗa musu haka yake, kuma Bulus ne fa mai wa'azin. In an binciki Bulus bai yi fushi ba, wane ne wannan da ba za a tambaye shi ba? Ni dai in na saurari mutum na rabin sa'a, na ji sunansa da na man da yake sayarwa sun fi sunan Yesu yawa, ban ji tuba ba, ban ji gicciye ba, sai maƙiya da buɗi da biza, na san inda aka dosa.

To ga roƙona, da ladabi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kada a ƙara ba wani baƙo bakin magana a zumuntarmu, ko ta waya ko a zaune, sai kun san ikilisiyar da ya fito, kun kira wani a can da zai tsaya masa, kun san wa zai iya tsawata masa in ya kauce. Wanda ya ce ba shi da shugaba sai Allah, ku gode masa ku sallame shi. Rukunin WhatsApp ɗin nan ma majami'a ce ga wanda ba shi da wata, ku sa masa ido yadda za ku sa wa bagade. Ku ware mana Juma'o'i mu bi littafi guda aya bayan aya da Hausa, ku naɗi muryar ku tura wa waɗanda ba sa iya fitowa, domin dare ya same su da muryar da suka sani. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, yanzu ma yana cikin waya kyauta, amma da yawa daga ƙannenmu ba a taɓa zama an nuna musu yadda ake karanta sura gaba ɗaya ba.

Kuma ku taimaka mu cike ramin da suke shigowa ta ciki. Yawancin abin da ake kai wa annabawan nan matsalar takarda ce da albashi. Gyaran dokar ƙwadago da ya fara aiki a watan Maris na 2021 ya sauƙaƙa wa irinmu masu aikin kamfani da asibiti canjin wurin aiki, amma bai haɗa da masu aikin gida ba, su ta Musaned, shafin gwamnati na ɗaukar masu aikin gida, lamarinsu yake bi. Ba kowace yarinya ce ta san haka ba, ba kowace ce ta san kafili ba shi da ikon riƙe mata fasfo ba, ko cewa akwai ofishin jakadancin Najeriya a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda. A cikinmu akwai masu jin Larabci, akwai waɗanda suka shekara ashirin a nan sun san kowace ƙofa. A san su, a san lambar da za a kira tun ranar da albashi ya fara makara, kafin yarinya ta tsallake katanga.

Wanda ya tura bidiyon nan kuma, Baba, ban rubuta don in kunyata ka ba. Amma zai yi wa yaran nan amfani ƙwarai su ji daga bakinka cewa an yi kuskure, domin har yanzu akwai aƙalla uku da na sani suna tura wa mutumin kuɗi, kuma ba za su saurare ni yadda za su saurare ka ba.

Ƙanwar tamu ta koma shan maganinta, kumburin ya sauka. Makon jiya na zauna kusa da ita ta kira gwaggonta, suka yi ta kuka su biyu, tsohuwar ba ta ma san abin da aka ce ta yi ba. Bashin yana nan, hurub ɗin ma yana nan, kuma har yanzu in dare ya yi tana tambayata ko la'anar da ya yi mata da ta daina turawa za ta kama 'ya'yanta. Na faɗa mata abin da na sani, amma tana bukatar ta ji daga bakin dattijo. Ina roƙon ɗayanku ya zo mu je wurinta ranar Juma'a mai zuwa bayan zumunta.

Taku cikin Ubangiji,
'Yarku, ma'aikaciyar jinya a Riyad